Ɗaurin Shiru

A ɗakin famfo, gefen gonakin shinkafar Dadin Kowa,
wayoyi biyu ne a murɗe kamar igiyar guga,
na'urori bakwai na rataye a jikinsu.
Ɗaya ta yi magana, shida su kasa kunne.

Maganar ba ta taɓa ba mu wahala ba.
Sai kowa ya yi shiru,
layin ya zama kwalekwalen da aka manta ba a ɗaure ba.
Gurnanin janareton maƙwabci ya kaɗa shi,
walƙiyar da ta faɗi can wajen Deba ta kaɗa shi,
allo ya rubuto abin da ba wanda ya faɗa.
Ƙarfe uku na dare famfo ya tashi da kansa,
ya cika gonar Bappa Manu har kunyoyi suka ɓalle.

Oga Lamela ya zo da jakarsa mai mataccen zif,
ya ɗora mita, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, Tasalla, shiru ma sai an riƙe shi.

Rizista biyu ya zaro, kowace kamar ƙwayar shinkafa.
Wannan ta ja waya ɗaya sama,
waccan ta ja ɗayar ƙasa,
ja mai sauƙi, wanda duk mai magana zai rinjaya,
amma in baki ya mutu, a san ya mutu.

Na kai hannu zan ɗaura a tsohon akwati, ya buge min yatsa.
Wancan bolt biyar yake ci,
sabon uku da ɗigo uku,
tuwonsu ba ɗaya ba ne.
In babba ya ja da nasa ƙarfin, ranar da ƙarami ke barci
sai ya ɗura masa wuta ta baki.
Muka tsuguna, muka yi lissafi a bayan kwalin taliya,
sau biyu ina kuskure,
har tazarar ta haye milibolt ɗari biyu.

Daren nan famfo ya yi barci.
Ni ce ban yi ba.
Kwana tara ke nan yayana Sule bai kira daga Fatakwal ba,
na cika shirunsa da asibiti, da hatsari, da fushi.
Yau na ɗaure shi a wuri ɗaya:
lafiyarsa ƙalau, aiki ne ya sha kansa.
Ban tamke ba.
In ya kira, muryarsa ta rinjaya.