Zarar Bunu a Sheffield

Na'urar tana ƙarƙashin matakala,
tsakanin mitar gas da takalman yara,
tana gurnani kamar kyanwa mai barci.
Mutum tamanin da uku ke hira a cikinta.
Ni na buɗe musu zauren, kyauta,
don mun gaji da zaman haya a gidan manyan kamfanoni.

Daren Talata na ajiye bas a gareji,
na dawo yatsuna sun ƙandare,
sai ga saƙon Suwaiba:
"Malam Ɗanlami, ka goge ni.
Duk abin da na rubuta shekarar da na kwanta asibiti,
da hoton ɗana a ƙofar makarantarsu.
Aiki nake nema. Suna tone-tone."

Dokar ƙasar nan ta ba ta gaskiya,
ni kuma ta ba ni wata guda.
Ba ta tambayi ko ina da ofis ba.
Wanda ya riƙe bayanan mutane shi zai amsa,
ko da direba ne da bashin wuta a kansa.

Na goge.
Shayina bai ma huce ba.

Amma zauren nan ba shi da katanga.
Abin da aka faɗa a nan, maƙwabta sun kwafa,
kowa da tasa na'urar, kowa da tasa matakalar.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sallama.
Wata mata a Dundee ta amsa kafin asuba, har da gaisuwa.
Na Jamus ya turo tambayoyi shafi huɗu, sannan ya goge.
Akwai wani a Ohio.
Sau shida na ƙwanƙwasa.
Ko ya rasu, ko ya manta yana da na'ura,
ita dai tana can a kunne,
riƙe da daren da Suwaiba ta rubuta
cewa ba ta jin za ta ga safiya.

Na je wurin lauya, a saman shagon gyaran waya.
Ya ce in yi bakin ƙoƙarina, in ajiye shaida.
Fam sittin na biya
don jin abin da kakata ta sha faɗa mini ba ko sisi:
magana zarar bunu ce.
Sai dai nata bunun a gindin ɗaki yake faɗuwa,
kaza ta tone shi, damina ta cinye.
Namu teku yake hayewa, kuma ba ya ruɓewa.

Na rubuta mata: "An gama."
Na share.
Na rubuta: "Na share ɗakina,
amma ba ni da tsintsiyar da za ta kai Ohio."
Wannan na aika.

Biyar da rabi zan fita da motar farko.
Na durƙusa neman takalmi,
ƙaramar fitilar nan koriya tana ta ƙifta mini ido.
Saura tamanin da biyu.