Faɗin Tafi

A shagon Ma'azu, bayan tashar Dakoro,
ya zube mini kwali biyu bisa katako.
"Ga mai faɗi, ga siririya.
Jikka guda kowacce, ba ragi."

Na ɗora hannun dama a kansu,
wanda injin markaɗen gujiya
ya ci wa rabin yatsa tun ina yaro.
Ma'azu ya kau da kai. Haka kowa ke yi:
a kau, sannan a saci kallo.

Siririyar ta shige tafina
kamar ƙadangare a tsagar bango,
ko wutsiya ba ta bari waje ba.
Na rufe, na buɗe, sarki ya yi tafiya.
Na rufe, na buɗe, ga shi da gemunsa.
Zuciya ta ce: biya, mu koma gida.

Mai faɗin kuwa gardama gare ta.
Daidai inda yatsa ya ƙare
nan take turo kusurwa,
fara tas, kamar haƙorin magulmaci.
Sau uku na gwada, sau uku ta sha ƙasa,
har yaron mai shayi ya ƙware da dariya.

Kalla ya faɗo mini a rai,
shi ya koya mini, gindin bedi a Bagalam,
mutum mai hannu kamar faifai.
"Dabo ba a tafi yake ba," in ji shi,
"yana idon wanda ya zo kama ka."
Na ce a raina a lokacin:
mai faifai ai dole ya raina marufi.

Amma na san fadarmu ta Ali Ɗan Sofo.
In na fiddo siririya, Tsahiru zai taɓe baki:
"Wagga ƙera ta aka yi,
ungo tamu, yi mu gani."
Tasu kuwa mai faɗi ce, ta sha maiƙon tsire,
ta sha belot har kunnuwanta sun lanƙwashe.
Ga kuma tsofaffin bencin baya
da ba su raba shida da tara
sai an kai musu kusa da hanci.

Na ce, "Ma'azu, ara mini su kwana ɗaya."

Da dare na zaunar da Habsu a tabarma,
shekararta tara, idonta allura.
Na fara da siririya. Ba ta ga komai ba,
amma ta yi hamma:
"Baba, ai ƙarama ce, tana hannunka."
An kama ni ba tare da an gan ni ba.

Na ɗauko mai faɗi.
Wannan karon ban ɓoye dungun ba,
na miƙa shi gaba, ƙarƙashin fitila,
na bar kusurwar ta yi gulmarta.
Idon yarinya ya maƙale a wurin
kamar ƙuda a bakin kwalbar zuma.
Hagu kuwa, da ba wanda ya taɓa tausaya mata,
ta yi aikinta shiru.

Ta cafke wuyan hannuna: "Na kama ka!"
Ta ɓamɓare yatsu huɗu da rabi,
ta sami biyu baƙa.
"Ina bakwai ɗina ja?"
Na ce, "Ɗaga ƙwaryar furarki."
Ihun da ta yi
sai da uwarta ta fito da ludayi a hannu.

Da safe na mai da siririya.
Ma'azu ya ce, "Mai faɗi? Kai da hannun nan naka?"
Ya dubi dungun. Na bar shi ya duba
har ya ƙoshi.
Na ajiye jikka, na yi sallama.

Sai azahar, in ya laluba carbi,
zai tarar da sarauniya a aljihunsa.
Gobe zan biyo in karɓa,
kwalin nawa bai cika ba sai da ita.