Irin Albasa

Ran Talata muka kai Baba,
rana tsaka, bazarar Sakkwato.
Ƙasa ta ƙi diga, diga ta ƙi ƙasa,
sai da maƙwabcinmu Malam Ladan
ya tuɓe riga ya karɓi aikin,
yana cewa, "Zabadi ya taya ni ginin gida,
ni in kasa yi mai ɗaki guda?"

Muka rera, muka rufe, muka dawo Mabera.
Aka baza tabarmi a gindin dogonyaro.
Kafin moɗar ruwa ta zagaya
dattawa biyu sun buɗe Littafi.

Dattijo Barnaba, gilashinsa ɗaure da zare,
ya ce, "Barci yake, ku kwantar da hankali.
Bai san zafi ba, bai san jira ba,
har ranar da za a busa ƙaho,
ƙasa ta maido da ajiyar da aka ba ta."

Malam Kefas ya girgiza kai.
"Riga muka binne, mai rigar ya wuce.
Ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji,
wace rana aka yanka masa?
Ba gobe ba, ba jibi ba. Yau."

"To ina ka ajiye waƙafin?" in ji Barnaba.
"Yau ɗin ta faɗa ce, ko ta shiga?
Matsar da ɗigo, ka matsar da shekara dubu."

Suka ja, suka ja.
Wannan ya kawo aya, wancan ya kawo ƙanwarta.
Ni kuwa ina zaune a tsakaninsu
da takalmin Baba a hannuna,
na roba, na hagun ya cinye ta dunduniya.
Akwai tambaya a bakina, kunya ta danne ta:
yana jin mu? Ya san na zo?
Motarmu ta mutu a hanyar Gusau,
na iso an riga an rufe masa ido.

Sai Inna Rifkatu ta fito daga ɗaki,
ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa ɓoyewa ba.
Ta kwance ƙullin tsumma a gabansu:
irin albasa, baƙi, ƙanana,
kamar gawayin da aka daka.

Ta ce, "Shekara talatin da shida
muna zuba wannan a fadamar Rima.
Ku masu karatu ku gaya mini,
tsakanin shuka da tsiro yana ina?
Barci yake, ko tafiya?
Ni dai ban taɓa tonawa in gani ba,
mai tono shi ke kashe iri.
Abin da na sani,
abin da ke fitowa bai kama da abin da ya shiga,
ga shi kuma shi ne, ba wani ba."

Barnaba ya cire gilashi ya goge.
Kefas ya sa yatsa a shafinsa,
ya ce, "Ba mu gama ba fa."
Barnaba ya ce, "Lahadi, bayan sujada."
Suka ci tuwo a kwano ɗaya.

Da dare na ɗauko Littafin Baba.
Bangonsa ya rabu, yana warin albasa,
ga shatin babban yatsa, na laka,
a shafin da mata suka yi sammako
suka tarar an mirgine dutse.
Bai ja layi ba, bai rubuta komai ba,
ya dai riƙa komawa wurin
har takardar ta yi laushi.

Har yau ban raba gardamar ba.
In barci ne, Mai gadin a farke yake.
In tafiya ce, ba baƙon gida ya je ba.

Da ruwa ya janye na sauka fadama,
na yi kwami huɗu, na zuba irin.
Kwana shida ke nan, ƙasa shiru.
Kullum da asuba ina ban ruwa
da takalmin Baba a ƙafata.
Ya ɗan yi mini yawa.