Ramukan da Suka Kalli Juna

Satumba ta shigo Valparaíso.
Iskar teku na hawa tudunmu da gudu
kamar yaron da aka aika aka ce kada ya tsaya,
tana ɗage wankin Fresia a kan igiya.
Sama ta fara cika da tsuntsayen takarda,
ni kuwa zarena a cukurkuɗe cikin gwangwani.

Kakana Eleodoro ya kwance tsohuwar kujera,
ya zare sandunanta mulmulallu,
ya shinshina ɗaya, ya ce itacen kirki ne.
Kwarkwaro za mu yi, Rayen,
wanda zai ci zare ya amayar ba gardama.

Fayafayan katako biyu.
Ya haɗa su fuska da fuska, ya buga ƙusa a cibiya,
ya ce a huda su tare,
don abin da aka huda dabam-dabam
sai an kai ruwa rana kafin ya yarda da ɗan'uwansa.
Ramuka shida, garin katako a gashina,
kyanwa ta yi atishawa ta bar mana wurin.

Sandar tsakiya ce mai taurin kai.
Abu mulmulalle ba ya son a huda shi:
ka ɗora bakin inji, ya mirgine,
ka danne, ya zame,
ya bar maka tabo a gefe kamar yaƙushi.
Na ɓata biyu.
Ta biyun na jefa ta bayan tukunyar fure,
ya gani, ya yi kamar yana neman fensir.

Sai ya ɗauko guntun katako mai kwari a tsakiya,
ya kwantar da sandar ciki, ta nutsu
kamar jariri a zanen goyo.
Ya jingina fensir, ya ja layi ɗaya
daga wannan kai zuwa wancan.
Duk ramin da zai zo, a kan layin nan zai zauna.
Ya ce in soka ƙusa a na farko
ta tsaya tsaye, ta zama shaida,
in dube ta ina huda na biyu.

Hannunsa ne ya ƙi.
Shekara arba'in yana gyaran kwale-kwale a bakin gaɓa,
yau inji na rawa a tafinsa
kamar kifin da bai gama mutuwa ba.
Bai ce komai ba. Ya miƙo mini.
Ya riƙe katakon, ni na riƙe injin,
numfashinsa a kan kunnena,
warin taba da gam.
Kar ki tura, in ji shi, bar shi ya ci da kansa.

Ya ci.
Na ɗaga sandar, na runtse ido ɗaya,
ƙusa da ƙusa sun tsaya sahu guda,
ba wadda ta leƙa bayan wata.

Da yamma muka hau saman tudu.
Nawa yana juyawa shiru, zare na fita kamar ruwa.
Nasa, tsohon nan baƙi da gumin hannu,
yana ɗingishi, ƙwas, ƙwas, duk zagaye.
Na ce, Kaka, raminka ɗaya ya kauce,
kawo in cike shi gobe in sake hudawa.

Ya janye shi zuwa ƙirjinsa.
Baldomero ne ya huda wannan,
yana da shekara tara, da ƙusa mai zafi,
kafin jirgin ruwa, kafin wasiƙu su daina zuwa.

Ƙwas, ƙwas.
Tsuntsunsa ja ya wuce nawa,
ya wuce hasumiyar coci,
ya tsaya can saman tashar jiragen ruwa
yana ja, yana ja,
tsohon kuma yana sakar masa zare.