Shuɗi Biyu

Asabar, a kan tudun Valparaíso,
inda gishirin teku ke cin ƙarfe
kamar gara a jikin azara,
Eleuterio ya turo tsohuwar motarsa ƙofar gida,
ya sa dutse a bayan taya.

Ya goge tsatsa har yatsunsa suka yi ja.
Ya lulluɓe gilashi da jaridun bara,
labarin zaɓe a kan fitila.

Ya girgiza gwangwani, ƙwayar ciki na kacau-kacau.
Fesa kaɗan, ka bari ya sha iska,
haka mai shago ya ce.
Amma ba a sayar da haƙuri a gwangwani:
ya ƙara, ya kuma ƙarawa,
fenti ya zubo hawaye uku a gefen ƙofa.

Iska ta juya.
Zanen gadon Herminia da ke kan igiya
ya samu rabonsa.
Ta leƙo ta taga, ta faɗi abin da ta faɗa.

Da yamma ya yaye jaridu.
Lambar fenti daidai take, sau biyu ya duba,
sai dai sabon shuɗi bai san rana ba,
tsohon kuwa shekara ashirin yana shan ta.
Ga su nan, jika da kaka.

Saura kwarzane ɗaya a baya,
na ranar da ya koya wa Maite ribas,
kafin ta koma Antofagasta, waya ta yi wuya.
Ya girgiza gwangwani.
Da saura a ciki.
Ya mayar da murfi.