Baƙin Tsamiyar Ige

A Gumbi, bayan ɗakin kakata Ige,
akwai tsamiyar da ta girmi rijiyar unguwa.
Ruwan fari ya sauka,
ta kama hannuna, ta birkice mini ganye:
ƙwai ne jere, ba su kai ƙwayar gero ba,
lulluɓe da gashi ruwan ɗorawa.
"Uwassu ta tuge na jikinta ta ruhe su," in ji ta,
"kana ta tahi abinta."

Kwana kaɗan suka fito, gizaka masu gashi.
Na taɓa ɗaya, na kwana ina susa.
Dare suke kiwo.
Mai kasa kunne a gindin itacen
zai ji kashinsu na zuba kamar yayyafi.
Da asuba su gangaro layi guda,
hancin wannan a wutsiyar wancan,
kamar raƙuman gishiri za su shiga Illela.
Su tuɓe riga, su ci, su sake tuɓewa,
har reshe ya koma tsinke.

Da gero ya fid da kai, sai cin ya tsaya.
Suka taru a cinyar reshe,
kowa na jan zare daga bakinsa,
suka saƙa jaka guda, launin ƙasar fadama,
a ciki kowa ya gina ɗakinsa ya ja ƙofa.

Nan Ige ke zuwa da lauje a bakin gora.
Ta dafa jakar a ruwan toka,
ta wanke, ta shanya, ta ɗauko mazari.
Malam Ɗangaladi mai ɗinki a Kanwuri
shi ke saye, ya zuba aska biyu a ƙirjin riga.
Mai rigar bai taɓa tambaya ba.

Wata shekara na sace jaka guda,
na soke ta a jinkar rumbu.
Rani ya zo ya wuce, ko motsi.
Har na manta.
Sai daren da hadari ya taso daga gabas
na ji ƙwas-ƙwas a saman kaina.
Suna fitowa jiƙe, a tattaƙure,
suka rataye har fiffike ya buɗe:
fari kamar kindirmo,
da zane ruwan ƙasa, siriri,
kamar an ja shi da alƙalamin kara,
ƙahonni biyu irin matajin amarya.

Na kawo musu ruwan zuma a murfi.
Ige ta yi dariya har da tari:
"Ba su da baki, ɗiyata.
Cinsu sun gama tun suna tsutsa."

Kwana biyar.
Suka nemi juna, suka nemi ganye.
Sauran suka kewaye fitilar ƙwai
har na share su da safe.
Ƙurar fiffikensu ta kwana a yatsana,
Ige kuwa ta ƙirga asarar zarenta,
ta ce in biya da tsinkar kuɓewa.