Zaren da Ya Fito daga Bahar Maliya

A Bur Sudan, bayan katangar tashar jiragen ruwa,
akwai wani ɗaki marar taga, mai sanyi kamar cikin randa.
Nan kebul yake fitowa daga ƙarƙashin teku.
Kaurinsa bai kai damtsena ba,
amma zancen rabin duniya na gudu a cikinsa.
Na dafa shi. Ko motsi bai yi ba.

Kogi ne ya zo mana har ƙofar gida,
muka tare shi da ludayi.

Aikina in nema masa hanya.
Na shimfiɗa taswira, na danne kusurwoyinta
da finjalin jabana, da waya, da dutse, da takalmina ɗaya,
don fankar ofis ba ta ganin girman kowa.
Na ja jan layi daga gaɓa zuwa Sinkat, zuwa Haya,
miƙe sambal, ina jin daɗin kaina.

Ohaj direba ya leƙo ta kafaɗata.
"Injiniya, nan da kika bi kwari ne.
Yakan shekara bakwai yana barci.
Ran da ya farka, raƙumi ma kauce masa yake."
Na ɗauki magogi.
Aikin sati uku ya zama gari, na hure shi.

A taron kasafi aka ce layi ɗaya ya isa.
Na ce mai rataye ƙasa da igiya ɗaya
bai san haƙorin katafila ba,
bai san ɓarawon da zai tona cikin dare
yana zaton tagulla ce, ya tarar da gilashi siririn gashi.
A zagaya ta Kasala, a bi Gadarif,
a ƙulla bakin zaren ya zama zobe:
in an datse arewa, haske ya juyo ta kudu.

Ustaz Mirgani ya cire tabarau, ya ƙirga sifirai da ɗan yatsa.
"To, wannan ɗan reshen da ya gangara Mai Wurno fa?"
Na ce akwai asibiti mai aika hoton ƙashi a motar haya,
akwai manoman riɗi da dillali ke yanka wa farashi,
akwai ɗalibai masu hawa rufin ɗaki neman sabis.
Duk gaskiya ne.

Abin da ban faɗa ba:
kakata Tasalla ta baro ƙasar Haɗeja da ƙafa,
da niyyar Makka da ƙullin kuɗi a lalita.
Shekara tara tana tafe.
Auduga ta tsayar da ita, sai haihuwa, sai tsufa.
Tana kwance can bakin Nilu,
ba ta taɓa jin warin teku ba.
Ni ce na iso gaɓar, da digiri da hular kwano,
kuma baya nake son komawa.

Sun amince da zoben.
Reshen, sun ce sai kashi na uku, in an samu kuɗi.
Aka mayar da jan layina ɗige-ɗigen fensir.

Ban yi musu ba.
Amma a mararrabar, a shafi na arba'in da ɗaya,
na sa rami mai murfin siminti
da bututu guda, babu kome cikinsa,
bakinsa na kallon kudu.

Gobe da asuba za mu fara kafa turaku.
Ohaj ya ce in taho da takalmi biyu.